Ta'aziyyar Koci Abdulhalim

Bukar, shugaban magoya bayan ƙungiyar unguwarsu a Garwa, ya riƙe lasifika yana share hawaye. Tun safe labari ya zagaye wayoyi cewa kocinsu, Abdulhalim, ya rasu a hanyar Poli.

"Da yana buga tsakiya, ƙwallo sai ta nemi izininsa kafin ta wuce," in ji Bukar. "Da ya zama koci kuwa, ba a taɓa irinsa ba."

Jama'a suka gyaɗa kai. Ba wanda ya ga dacewar tuna masa cewa duk ranar wasa shi ke fara jifan marigayin da ledar ruwa.

Sai ga babur ya tsaya a bakin rumfa. Marigayi ya sauko, ƙura har gira.

"Ƙauye na je, babu sabis. Ci gaba, Malam Bukar, ban taɓa jin wannan ba."

Bukar ya rungume shi. "Alhamdu lillahi, Koci. To, tunda kana raye, wa ya ce ka cire Taufiƙ a wasan Marwa?"

Hannunsa na laluben ruwan da aka kawo wa masu ta'aziyya.