Kwamfutar Maccido Mai Hoto

Zahara'u ta kwance sukurori huɗu, ta jera su a cikin murfin kwano, sannan ta zare gefen kwamfutar. Ƙura da tarin wayoyi ne suka tarbe ta. Ita malamar firamare ce a Kebbe, iyakar saninta da kwamfuta buga jarrabawar ɗalibai. Amma ga ta yau Asabar a Tambuwal, durƙushe a ɗakin yayanta Mutawakkil, da sukundireba a hannu.

Shi kuwa gwanin gyaran, wanda har daga Sanyinna ake kawo masa aiki, yana kan tabarma ya naɗe hannuwa kamar mai jiran ɗaurin aure. Jiya ya bugo mata waya, bayan wata huɗu ba su haɗu ba, ya ce ta shigo motar safe, akwai lalura. Ashe lalurar ke nan.

Kwamfutar ta Maccido ce, mai ɗaukar hoton biki a Dogon Daji. Ta yi masa nauyi, sai ya sayo sabuwar firosesa daga Sakkwato, wato ƙwaƙwalwar na'urar, ya ce da La'asar zai zo ya ɗauki kayansa. A watan jiya Mutawakkil ya lalata wa wani mai kanti kwamfutarsa, zance ya zaga kasuwa, masu kawo aiki suka janye ɗaya bayan ɗaya. Maccido kaɗai ya rage. Idan wannan ta mutu a hannunsu, shagon shekara goma sha biyar ya rufe ke nan.

"Yaya, don Allah ka amshi abin ga," in ji ta. "Ni ban taɓa yi ba."

"Ni ma akwai ranar da ban taɓa yi ba. Hannuna ka rawa kwanan ga. Ke dai yi abin da nic ce."

Ya hana ta taɓa tsohuwar firosesar tukuna. Sai an fara sabunta bayos, ɗan shirin da ke zaune a cikin babban allon na'urar, in ba haka ba allon ba zai gane sabuwar ba. Kuma idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar aikin, allon ya mutu murus. Shi ya sa, a cewarsa, ya sa aka kawo ta gida inda yake da sola.

Ta soka filas ɗin da ya miƙo mata, ɗan abin da ke ɗauke da sabon shirin, ta kunna, ta danna inda ya ce. Rubutun Turanci ya cika sikirin.

"Karanta min."

Ta karanta. Ya ce ta sauka ƙasa, ta ƙara sauka, ta danna. Haushi ya kama ta. Ga sikirin a gabansa, amma sai ya sa ta biya masa kamar ɗalibar aji uku. Halinsa ne tun suna yara, in bai wahalar da mutum ba hankalinsa ba ya kwanciya.

Wani siririn layi ya fara tafiya. Kashi goma. Kashi ashirin da biyu. A kashi arba'in hadari ya taso daga gabas, rana ta ɓuya, inbatar solar ta fara kuka a lungu, alamar wuta na shirin ɗaukewa. Zahara'u ta zabura ta kashe fankar ɗaki, ta zare cajar waya, ta duba ko'ina ba ta ga sauran abin kashewa ba. Ta dawo ta durƙusa, gumi na bin bayanta. Ba a dannawa, ba a tsayarwa, ba a komawa baya. Tun da take ba ta taɓa jin ba ta da amfani irin na wannan minti shida ba.

Layin ya cika, na'urar ta kashe kanta ta sake tashi. Ita ma sai a lokacin ta ja numfashi.

Saura babban aikin. Ta zare wuta, ta cire fankar ciki, ta ɗaga ɗan ƙarfen da ke riƙe da tsohuwar. Sabuwar ba ta kai kwalin ashana faɗi ba, ƙarƙashinta cike da ƙafafu sirara kamar gashi. Ya ce akwai alamar zinare a kusurwa ɗaya, ta daidaita ta da ta allon. In ta sa a karkace ƙafafun suka lanƙwashe, an gama.

Ta ɗora ta a hankali. "Duba min, Yaya. Daidai ta?"

"Ba ni dubawa. Ki yarda da idonki."

Saura kaɗan ta fashe da kuka don takaici. Ta danne ƙarfen, ta ɗiga man sanyaya firosesa kamar ƙwayar wake, ta mayar da fanka, ta jona wuta. Ana kiran La'asar ta danna makunni.

Fanka ta juya. Sikirin baƙi ƙirin.

Ya ce haka take yi a karon farko, tana ɗaukar lokaci. Minti ɗaya ya wuce, na biyu ya bi shi. Babur ya tsaya a ƙofar gida, muryar Maccido ta rangaɗa sallama daga zaure. Zahara'u ta karanta duk addu'ar da ta zo bakinta.

Sai sikirin ya haska, fari tas, da sunan sabuwar firosesar rubuce a sama.

Murna ta kama ta. Ta juya ta ga yadda yayan nata zai yi. Ya matso, fuskarsa ba ta fi taƙi ɗaya daga gilashin ba, idanunsa a buɗe, farin hasken kwance a kansu.

"Ki ƙara haƙuri, Zahara'u," ya ce a hankali. "In sha Allahu yanzu za ta kawo haske."