Takardar da Ya Ɓoye

Kwana tara ke nan mijinta yana ture shinkafa gefe, ya tsinci kifi da ganye ya tashi. Da yara suka tafi makaranta, ta tare shi a ƙofar kicin.

"Abban yara, in ka gaji da ni ne, ka faɗa min."

Ya daɗe kansa a sunkuye kafin ya miƙa mata takardar asibiti. "Ciwon suga ne. Likita ya ce in rage shinkafa da burodi. Ban so hankalinki ya tashi ba."

Ta karanta, ta sauke ajiyar zuciya, idonta fal ƙwalla.

"Ashe ba da ni kake faɗa ba." Ta riƙo hannunsa. "Zauna in dafa maka ƙwai. Ranar komawa asibiti, ƙafata ƙafarka."