Tokar Kashin Shanu

"Ba zan sa hannu a takardar amincewa da sabuwar dusar nan ba, ranka ya daɗe," na gaya wa Farfesa Maikano, shugaban ɗakin bincikenmu.

Tun da doka ta damƙa wa na'ura tantance abincin shanu, aka hana mu ƙona kashinsu mu auna sinadarin gwaji a toka. Ni dai na ƙona. Na'ura ta ce sabuwar dusa tana narkewa a cikinsu, tokata ta ce rabinta fita take yadda ta shiga. Ko ƙuda ba ya sauka kan kashin.

"Kubura, kin fi na'ura sani ne?"

"Ita ta taɓa ganin yadda haƙarƙarin shanun ya fito?"

Kafin azahar aka soke lasisina. Ban roƙi kowa ba. Karatun shekara bakwai ya tashi a banza, gobe kuma za a raba dusar a rugage.