Soket a Ɗakin Parvan

Sai da Lubomir ya sauke jakar kayan aikinsa a bakin ɗakin, sannan ya gane wanda ke kwance a gadon.

Parvan Gaydarov ne. Ya rame, bakinsa ya karkace, robar injin numfashi tana maƙale a hancinsa, amma shi ne. Duk wanda ya tashi a garin nan ya san mai kamfanin ɗinkin bakin kogi, mutumin da yake ɗaure ƙofar baya da sarƙa don kada ma'aikata su fita da zare ko ƙyalle. Ranar da gobara ta tashi, matan da ke ɗakin guga ba su sami mafita ba. Zornitsa, yayar Lubomir, tana cikinsu. Kotu ta ɗora laifin a kan maigadi, wanda shi ma wutar ta cinye, Parvan kuwa ya koma gida ya ci abincin rana.

Wadda ta kira Lubomir aikin wata dattijuwa ce mai suna Nevena. Daga wani ƙauyen kan dutse ta zo neman aikin jinya, a lokacin da ɓarin jikin Parvan ya shanye, huhunsa ya lalace, 'ya'yansa da ke Sifen suka rasa mai kula da shi. A shagon burodi ma labarinta ake yi: ba ta hutun Lahadi, ba ta yarda wani ya karɓe ta, ita ke dama masa miya ta ba shi a cokali ko da ya kawar da kai.

"Soket nake so ka ƙara mana, ɗana," in ji ta. "Wannan na gefen gadon ya yi kusa da hannunsa mai lafiya. Ba sau ɗaya ba ya fizge wayar injin, sai ƙarar injin ce ta kawo ni a guje. Ka sa sabon can sama, bayan kabad."

Ta mayar da tsohon kan tukunyar iskar numfashi da ba ta buƙatar lantarki, Lubomir ya kashe wutar gidan, ya hau tsani, ya fara sassaƙa bango. Yana aiki yana jin idon Parvan a ƙeyarsa. Da ya waiwaya, tsohon ya motsa leɓe, wani gurnani ya fito wanda ba magana ba. Idanunsa sun cika da roƙo.

Lubomir ya juya masa baya. Ya tuna mahaifiyarsu a tsaye a harabar asibiti, an miƙa mata ɗan kunne ɗaya a cikin leda, an ce ta duba ko ta san shi.

Ya ja sabuwar waya ta cikin ramin da ya sassaƙa, ya feƙe bakinta, ƙananan wayoyi uku suka fito. Ya ɗaure ta farko tam. Ya ɗaure ta biyu. Da ya zo kan ta uku, hannunsa ya tsaya.

Ya san abin da sakakkiyar waya take yi. Yau za ta yi aiki, gobe ma haka. A hankali za ta riƙa ɗaukar zafi a bayan murfin soket ɗin, har wata rana ta ƙone ta katse, wataƙila lokacin da matar ta tafi kasuwa. Babu mai cewa komai. Tsohon gida ne, tsoho ne mara lafiya.

Ya sa wayar a gurbinta, bai murɗa sukurun ba, ya ɗauko murfin.

"Ba ka ɗaure waccan ba."

Nevena ce a bayansa, riƙe da faranti mai ƙaramin kofin gahawa da yankan banitsa, wainar fulawa mai cuku. Bai ji shigowarta ba.

"Na ɗaure, Goggo."

"Ina kallonka. Biyu ka murɗa."

Lubomir ya sauko daga tsanin. Ya yi ƙasa da murya. "Kin san wanda kike wa wanka kuwa? Kin san wanda kike goge wa baki? Ke baƙuwa ce a nan. Je ki maƙabartar bayan coci ki ga layin da ya cika da 'yan mata."

Ta ajiye farantin a kan tebur, ta ɗauki sukundireban da ya bari a kan kabad, ta miƙa masa. Ta ci gaba da riƙe shi a miƙe har kunya ta kama shi.

Ya hau, ya murɗa sukurun har ya ƙi motsi. Ya rufe, ya kunna wutar gidan, ya gwada. Nevena da kanta ta taka kujera ta soka wayar injin a sabon soket ɗin, ta bi da ragowarta ta bayan kabad, ba ta bar ko taƙi ɗaya yana lilo ba. Injin ya ɗauki gunjinsa.

Parvan ya miƙa hannunsa mai lafiya, ya lalubi bango, ya lalubi gefen katifa. Babu komai. Hawaye ya gangaro masa har cikin kunne.

Nevena ta gyara masa matashi, ta share masa fuska da tattausan ƙyalle. Ba ta dubi Lubomir ba lokacin da ta yi magana.

"Da gangan yake fizge wayar, ɗana, tun ranar da na gaya masa ko ni wace ce. 'Yata Bilyana ta mutu hannunta na kan sarƙar nan. Kai so kake ya huta, ni kuwa tsawon rai nake roƙa masa."