Sunan Ƙanena Ajuji

Shekarar da soja suka miƙa mulki, wata la'asar ina zaune da Kaka a tsakar gidanmu na Ƙofar Durbi, motar kamfen na ta kiɗa a waje. Ƙanena yana ɗaki, ƙyanda ta kwantar da shi.

Na ce, "Kaka, don mi ake ce mashi Ajuji?"

Ta ce, "Yara uku uwarku ta rasa tsakaninku. Da aka haife shi muka aje shi bisa juji, don mutuwa ta zaci ba mai son shi."

Ba ta rufe baki ba muka ji salatin Inna daga ɗaki.

Kaka ta sunkuyar da kai. "Mutuwar ta gane shi."

Har yau ba na iya kiran sunan nan da ƙarfi.