Fasinjan Gonakin Inabi

Sai da suka baro filin jirgin sama na JFK suka hau babban titi, sannan dattijon ya matso kusa da kunnen Zayyanu ya ce yana da wata buƙata, amma ta sirri ce.

Zayyanu ya rage rediyo. Ya daɗe yana tuƙi a New York, ya ɗauki masu hankali da marasa shi, amma bai taɓa iya yi wa dattijo musu ba. Balle wannan Alhaji Boubacar, mai farin gemu da shadda mai maiƙo, wanda ya kira shi ya ce wani ne a masallaci ya ba shi lambarsa. Hausarsa ta Maraɗi ce, irin wadda budurwarsa Hidaya take juyewa ta yi in ranta ya ɓaci, shi ya sa ma ta yi wa Zayyanu daɗin ji.

Hidaya kuwa ita ce duk abin da Zayyanu ya sa a gaba. Ya riga ya je gidansu a unguwar Park Hill ya gabatar da kansa, mahaifinta Malam Kadri ya ce ya tafi, za a neme shi. Tun daga ranar yake tafiya kamar mai ɗauke da tiren ƙwai, ko fitilar hanya ba ya yarda ya tsallake.

"An ce mini can ƙarshen Long Island akwai gonakin inabi," in ji Alhaji, "inda ake matsar giya a ba baƙi su ɗanɗana. Ina so in tai kafin in koma gida. Ka shirya muna tafiyar. Amma ka rufa mini asiri, ɗana."

Zayyanu fa, shi da ko turaren da aka ce da giya a ciki ba ya shafawa! Ya so ya ce a nemi wani direban, sai ya dubi madubi ya ga tsohon ya sunkuyar da kai. Tausayi ya kama shi. A gidansu an koya masa cewa in babba ya tuɓe hularsa a gabanka, kau da kai ake yi. Ya ce, "Ba komai, Baba."

Ya kuwa shiga aikin ba ji ba gani. Ya tambayi wani abokin sana'arsa Bature wace gona ce ta fi kyau, wace ce ba ta da cunkoso ranar Asabar. Ya koyi cewa da farar giya ake fara ɗanɗanawa kafin ja, cewa ana juya kofi a shinshina tukuna, cewa wasu gonakin sai an kama wuri tun da wuri. Har ya nemo inda za su tsaya su yi azahar a hanya, don ya lura Alhaji ba ya wasa da salla. Wannan ya ɗan ɗaure masa kai, amma ya ce kowa da tasa jarrabawar.

Kullum da yamma sai ya ɗauki Alhaji a tashar jirgin ruwa ta St. George, su zaga gari yana yi masa bayani. Tsohon ba ya cewa komai sai "Dakor, dakor," wato "to" da Faransanci. Shi dai tambaya: su wa Zayyanu yake zama da su, ina yake zuwa in ya tashi aiki, wa ya koya masa duk wannan sani. Zayyanu yana amsawa da fara'a, yana jin ya yi uba a ƙasar da ba shi da kowa.

Ana gobe tafiya, Alhaji ya ce cikin sanyin murya, "Kunya nike ji, ɗana. Tsoho kamar ni, gaban yaro mai tsarki kamarka. Ko kai ma kana ɗan taɓawa?"

Da Zayyanu ya ce a'a, da ya bar dattijo shi kaɗai tsirara cikin abin kunyarsa. Hakan ya gani, kuma zuciyarsa ba ta iya ba. Ya yi 'yar dariya ya ce, "Haba Baba, nan fa Amurka ce. Wani lokacin a weekend nakan ɗan taɓa. Kada ka damu."

Alhaji ya gyaɗa kai, ya ce a sauke shi nan. Da safe ya kira ya ce ƙafarsa ta matsa masa, a fasa tafiyar. Zayyanu ya yi hamdala, ya ji kamar an sauke masa buhu daga ka.

Ranar Lahadi Malam Kadri ya aiko ya zo. Zayyanu ya sha aski, ya sa sabuwar kufta, ya shiga falon ya durƙusa, yana jiran a ce ya turo magabatansa. Ƙannen Hidaya da 'yan kwamitin masallaci duk suna zaune, ba wanda ya amsa gaisuwarsa da kyau.

"Mun yi bincike, kamar yadda ake yi," in ji Malam Kadri. "Ba ma ba mashayi 'ya. Kada ka sake kiran ta."

Zayyanu ya rantse da Allah ko ɗigo bai taɓa shiga bakinsa ba. Hawaye ya cika masa ido. Daga ɗakin ciki yana jiyo kukan Hidaya. Ya ce sharri ne, a kawo wanda ya faɗa, ya maimaita a gabansa.

"Ka ƙara da rantsuwar ƙarya," in ji Malam Kadri, ya juya wajen ƙofar ɗakin. "Yaya, fito ka ji yaron naka."

Labule ya ɗaga, waliyyin Hidaya ya fito da carbi a hannu, yana takawa garau, ya zauna a kan kujera ya dubi Zayyanu ba ko ɗigon kunya a idonsa: Alhaji Boubacar ne.