Kwalayen Ashana Uku

Ku yi haƙuri da rubutun nan, ni ba gwana ba ce. A bayan littafin makaranta nake yi, kuma ba na so kowa a gida ya gani.

Duk ran Lahadi, da an kwashe kwanukan romo, Deda Toza zai fito da kwalayen ashana uku, ya mulmula takardar cakulan mai ƙyalli ta zama 'yar ƙwallo kamar ƙwayar wake. Jikarsa Nevena tun kanta bai kai tebur ba take kallon wasan nan. Da ƙuruciyarsa a bakin tashar jirgin ƙasa ta garin Novi Sad yake yi, yana wanke matafiya, har ya auri Nana Savka ta sa ya tuba. Daga nan 'yan gida kawai yake yi wa.

Zai kife ƙwallon da kwali ɗaya, ya yi ta jujjuya su yana zuba surutu. Ka nuna, ya ɗaga, wayam. Ya ɗaga sauran biyun, wayam. Sai ya hure tafinsa ya buɗe.

"Ta tafi birnin Viyana."

"Baba, tsafi kake yi, na rantse," in ji Kawu Boshko, wanda shekara talatin bai taɓa ci ba.

"Tsafin me, jakin banza? Idonka nake aika can, hannu ya yi aikinsa nan."

Nana Savka ba ta zama kallo. Ana tsakiyar wasa za ta shigo da gahawa, ta tsaya ta kafaɗarsa ta hagu, tsumma a hannu.

"Tsoho, ɗaga gwiwar hannunka, duk kun ɓata min tebur. Ni na gaji da tsintar ƙwallayenka a hannun riga ranar wanki."

"Kishi kike yi, Savka. Ke ko allura sai ta faɗi miki."

Shekara shida da suka wuce hannuwan Deda suka fara rawa. Romo ya riƙa zubewa daga cokali kafin ya kai baki. Maɓallin riga ya gagare shi. Yatsunsa suka daina jin zafi, har ya taɓa ƙonewa a murhu bai sani ba. Amma ran Lahadi ƙwallon sai ta ɓace kamar da. Da ya faɗa wa likita, likitan bai yarda ba.

"Muddin tana ɓacewa, ni mutum ne," Deda yakan ce. "Ranar da ta tsaya a kan tebur, ku kira mai haƙa kabari." Ana dariya, amma shi ba ya yi.

Sai ga shi Nana ce ta riga shi. Ta je shanya ta faɗi, shi ke nan.

Kwana arba'in ba wanda ya yi zancen ashana. Aka dafa alkamar sadaka, aka kunna kyandir a kabari, aka dawo. Deda ya rame, wandonsa sai da aka ƙara wa bel huda. Yakan zauna ya aza hannuwansa a cinya yana kallon su suna kakkarwa, kamar na wani ne aka ba shi ajiya.

Lahadin da ta biyo baya, ya ture kwanonsa ko rabi bai sha ba, ya zaro kwalayen daga aljihu.

"Baba, bar shi sai wani makon," Mama ta ce a hankali.

"Yau nake son in sani."

Sau biyu takardar tana kuɓuce masa kafin ta mulmulu. Kawu Boshko ya sunkuyar da kai. Mama ta kasa kallo, ta ce, "Nevena, je ki haɗo gahawa. Ɗaura rigar girkin Nana, kar ki ɓata baƙaƙen kayanki."

Rigar tana rataye a bayan ƙofar kicin, ba wanda ya taɓa ta tun ranar. Har yanzu tana ƙanshin albasa da sabulu. Nevena ta ɗaura, ta sa hannu a aljihu neman ashana. Ta ɗora gahawar a wuta, ta daɗe a tsaye a wurin. Gahawa ta tafaso ta zube a murhu. Sai da Mama ta kira ta sau biyu.

Ta shigo Deda ya riga ya fara. Kwalayen suna karo da juna. Duk kujerun da mutane, sai ta zagaya ta kafaɗarsa ta hagu ta ajiye faranti.

"Deda, ɗaga gwiwar hannunka," ta ce, da ƙyar ake jin ta. Ta goge gefen teburin da tsumman Nana.

Kawu Boshko ya nuna na tsakiya. Wayam. Na dama, wayam. Deda ya ɗan jima da hannu a kan na ukun, ya rufe ido, ya ɗaga.

Wayam.

Bai ce ta tafi Viyana ba. Ya kalli tafukansa, hawaye na bin gemunsa. "Kin gani, Savka? Suna nan da ransu." Ya jawo kwanon romon da ya huce ya shanye tas.

A kicin Nevena ta warware tsumman. 'Yar ƙwallon tana ciki. Ta jefa ta a aljihun rigar, kan 'yan uwanta da suka cika shi dam, waɗanda Nana ta yi ta kwashewa daga ƙarƙashin gwiwar hannunsa Lahadi bayan Lahadi. Yau Lahadi ta tara ke nan tun ranar da na fara ɗaura rigar nan, ga shi ma ina jin ƙarar kwalayen, Mama tana kira wai in kawo gahawa, bari in ɗauki tsumman kafin ya